Tambayi Injiniya: Ɗan Maƙeri da Karatun Ƙarfe

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata, dukansu daga nan jihar Maradi. Ta farko ta fi taɓa zuciyata, don haka a kanta zan daɗe.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ni ɗan maƙeri ne a unguwar Bagalam. Bana na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Lise Teknik Ɗan Kasawa. Ina son in karanci ilimin kayan ƙira, wato ƙarfe da siminti da roba da yadda ake sarrafa su. Mahaifina ya ce me za a koya mini game da ƙarfe wanda babu shi a maƙerarmu, alhali tun kaka da kakanni muke wannan sana'a. Kawuna kuma ya ce ƙasar da ba ta da masana'antar ƙarfe, karatun ƙarfe a cikinta ɓata shekaru ne, gara in bi shi kasuwa. Me ake koyarwa a wannan fanni, ina ake yinsa, kuma akwai abinci a ciki?

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya albarka a wannan bak, kuma ka gaishe mini da mahaifinka da kyau. Kafin in kai ka jami'a, ina so gobe da safe ka karɓi zuga-zugi ka zauna, ka kalli hannunsa kamar yau ka fara ganinsa.

In aka kawo masa aikin gatari ko wuƙar fawa, ba zai ɗauki guntun rodin gini ba. Tsohon sifirin ɗin mota zai nemo. Ka tambaye shi dalili, zai ce maka rodi ba ya riƙe kaifi, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da jami'a za ta ƙara maka shi ne sanin abin da ya sa. A cikin ƙarfe akwai wani sinadari da ake kira kabon, shi ne dai wanda ya cika gawayi. A kilo ɗaya na rodi akwai kamar giram 2 nasa, a kilo ɗaya na sifirin kuwa kamar giram 6. Bambancin giram 4 ne, kusan nauyin ƙwayar sukari guda, amma shi ya raba ƙarfen da ke lanƙwasa da wanda ke yanka ƙashi. In kabon ya haura giram 20 a kilo, an fita daga ƙarfen ƙira an shiga ƙarfen zubi, irin na gangar injin mota, wanda in ka ɗora shi a uwar maƙera ka sauke masa masaba zai fashe kamar tukunyar ƙasa.

Ci gaba da kallo. Zai sa ruwan gatarin a gawayin ƙirya har ya yi ja jawur, ya ciro da awartaki ya tsoma a ruwa ko a baƙin mai. Idonsa ne ma'aunin zafinsa, kuma wannan jan da yake jira yana wajajen digiri 800. Ga abin da za ka gwada da kanka: ka kusanto da mayen ƙarfe. Da zarar zafi ya wuce digiri 770, ba ya kama ƙarfen. A wannan zafi ƙwayoyin zarra na ƙarfen suna sake jeri, kabon ya bazu a tsakaninsu. In aka bar shi ya huce a hankali, kowa ya koma mazauninsa, ƙarfe ya yi laushi. In aka tsoma shi farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita, sai ya maƙale, jerin ya takure, ƙarfen ya yi taurin da magagari ke zamewa a kansa. Wannan yanayi shi ake kira martansit a aji. Sai dai taurin ya yi yawa, sara ɗaya a kututture bakin gatarin zai ɓalle. Shi ya sa mahaifinka ke goge bakin ya sake ɗumama shi kaɗan, yana duban launin da ke tafiya a jikin ƙarfen. Launin busasshen kara yana fitowa a wajen digiri 230, shuɗi kamar na rini a wajen digiri 300. Inda ya tsayar da launin, nan ya zaɓi yawan taurin da zai bari da yawan juriyar da zai sayo da shi.

Wallahi ranar da malaminmu ya zana wannan a allo, tsigar jikina ta tashi, don na ga tsofaffin garinmu a cikin zanen. Babi guda ne cur na karatun injiniya, kuma mahaifinka yana yinsa kullum kafin azahar.

To me ya rage? Abubuwa biyu. Na farko, ido yana da iyaka. Jan da aka gani a inuwar rumfa ba shi ne jan da za a gani a tsakar rana ba, kuma abin da ido ya sani ba a iya aika shi a takarda zuwa Damagaram a ce a yi guda dubu iri ɗaya. Lamba ce ke yin wannan tafiya. Na biyu, kayan da ke shigowa kasuwa yanzu kakanninku ba su san su ba. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 tun bai yi ja ba, wanda ya tsaya jiran launi sai ya ga aikinsa ya zube a wuta. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula, yana ɗauke da sinadarin kurom fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma waldarsa da sandar walda ta yau da kullum tana ɓata shi. Bututun da aka shafe da tutiya, in mai walda ya shaƙi farin hayaƙinsa, dare zai kwana da zazzaɓi. Waɗannan ba a gaje su ba, sai an koya.

Yanzu ga yadda karatun yake. Shekarar farko ba za ka taɓa ƙarfe sosai ba, lissafi ne da fizik da shimi da zanen fasaha, kuma a nan yawancin yara ke karaya. Kada ka raina ta. Daga nan sai darasin juriyar kaya, wanda ɗalibai ke kira RDM, inda za ka koyi lissafa nauyin da ginshiƙi ko gatarin mota, wato sandar da ƙafafunta ke juyawa a kai, zai ɗauka. Tare da shi ake shiga ɗakin gwaji, kuma a nan ne ni na san na sami abin da zan yi da rayuwata.

Akwai wani inji mai muƙamuƙi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Za ka sa masa guntun rodi mai kauri milimita 12 ya cije, ya fara ja. Da farko ba ka ganin komai sai allura tana hawa. In ka saki a nan, rodin zai koma tsawonsa kamar ba a taɓa shi ba. In rodi ne mai daraja 500, wato lambar da ke nuna ƙarfinsa, allura za ta ɗan haura tan 5 da rabi, sai ta ɗan tsaya tana rawa, baƙar ɓawon da ke jikin ƙarfen ta fara zuba. Ya sallama ke nan, ba zai ƙara komawa yadda yake ba. Ja ya ci gaba, sai ka ga wuri guda ya fara sirancewa kamar wuyan gora, sannan ƙara tas, ɗaki ya amsa. Ka taɓa bakin karayar, da ɗumi. Ka haɗa guntayen biyu ka auna, ka ga ya ƙara tsawo. Wannan miƙewar kafin tsinkewa ita ce rahamar ƙarfe, don ita ke sa gini ya tsage ya yi gargaɗi mutane su fita kafin ya faɗo.

A nan za ka gane cewa kalmar “ƙarfi” da muke faɗa a gida abubuwa da yawa ta ƙunsa. Kwalba ta fi rodi tauri, tana iya karce shi, amma tsakuwa guda ta gama da ita. Jan ƙarfe yana da laushi, ana jan shi ya zama waya siririya bai tsinke ba. Kankare yana ɗaukar danni kamar dutse, amma a wurin ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake saka masa rodi a ciki. Su biyun kuma sun dace da zama tare saboda zafi yana buɗa su kusan daidai: sandar ƙarfe mai mita 6, in zafi ya ƙaru da digiri 30, takan ƙara kamar milimita 2. Ka tuna ƙofar ƙarfen da ke ƙin rufuwa a watan Afrilu.

Za a bi da kai ta dangogin kaya: ƙarafa, kayan yumɓu da suka haɗa da siminti da kwalba, robobi, da kayan gauraye. Za a koya maka hanyoyin sarrafawa: zubi, ƙira da bugu, murzawa tsakanin manyan nadi wadda da ita ake yin kwanon rufi da rodi, yanka da inji, da walda. Ba zan tsaya a kan kowanne ba. Darasi guda nake so in ba ka labarinsa, shi ne gajiyar ƙarfe.

Shekarun baya wani manomi daga wajen Madarunfa ya kawo mini gatarin amalanken shanunsa, wato sandar da ƙafafun ke juyawa a kai. Karo na uku ke nan tana karyewa wuri guda, dab da inda aka yi waldar mazaunin akwati, kuma ranar da ta karye buhu huɗu kacal ya ɗora. Ya fara zargin sammu. Na wanke bakin karayar da kananzir muka fita rana muka duba tare. Kashi biyu cikin uku na fuskar sumul take, ta yi duhu, da layuka a jere masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin gulbi in ya janye. Ragowar kuwa fara ce, garas-garas, tana ƙyalli. Na ɗora yatsansa a inda layukan suka taso, wani ɗan rami ne da sandar walda ta ƙwaƙule, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Daga nan tsaga ta fara, kowane gargada na hanya yana buɗa ta yana rufewa, wata da watanni, har naman da ya rage ya kasa ɗaukar ko buhu huɗu. Farin wurin shi ne abin da ya karye a ranar. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya fara auna wannan al'amari a kan gatarin taragu tun wajajen 1860. Muka daina walda a jikin sandar, aka ɗaure mazaunin da maɗauri da kusoshi. Da kaka ta zagayo ya aiko mini da tiya biyu ta wake.

Batun inda ake karatun. Ba sai ka yi nisa ba tun farko. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maradi, ta zama jami'a a 2010, tana da tsangayar kimiyya da fasaha, tana kuma da cibiyar IUT inda ake koyar da injiniyancin gine-gine da na lantarki. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa, ga kuma Jami'ar Abdu Mumuni. Shi wannan bawan Allah da aka sa wa jami'ar sunansa ɗan jiharmu ne, a Tasawa aka haife shi a 1929, masanin fizik ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana har ya rasu a 1991. A Agadas akwai makarantar ma'adinai ta EMAIR. A Wagadugu akwai makarantar injiniyoyi ta 2iE. In kana son sashen da sunansa kacokan ƙarafa da kayan ƙira ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da shi, sai dai da Ingilishi ake karatun, ka shirya wa wannan tun yanzu. Tsarin namu shekara 3 ne lisansi, 2 mastar, 3 digirin dakta. Shawarata ka yi lisansi a fanni mai faɗi, gini ko kanikanci, ka ƙware a kayan ƙira a mastar. Kuma kowace makaranta za ka shiga, ka je da ƙafarka ka roƙi a nuna maka ɗakin gwaji. Ka duba ko injinan suna aiki, ka tambayi ɗaliban shekara ta biyu sau nawa suka karya ƙarfe da hannunsu. Gani ya kori ji.

Saura maganar kawunka, kuma ba zan ce ya yi kuskure duka ba. Ba mu da babbar masana'antar narka tama. Ko maƙwabtanmu na Najeriya da suka gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun wajajen 1980, har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. In burinka ka tsaya gaban tanderun da ke narka ƙarfe a digiri 1538, to sai ka ƙetare. Amma ni a ganina ƙasar da ke sayo kusan duk ƙarfenta daga waje ita ta fi kowa bukatar mai iya cewa wannan na ƙwarai ne, wannan jabu ne. Kawunka ɗan kasuwa ne, ya san abin da ake nufi da a sayar wa mutum kaya a duhu. Sannan ayyukan suna nan. A Malbaza ana gasa farar ƙasa da yumɓu a digiri 1450 ana yin siminti, kuma kowane zubi sai an gwada. Matatar mai ta SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya kusa kilomita 2000, kuma bututu irin wannan gaɓa-gaɓa ake haɗa shi da walda, ana bin waldar da na'ura ana neman tsagar da ido ba ya gani. Ga ma'adinan Arlit, ga kamfanin haƙar gawayin ƙasa na SONICHAR, ga kamfanonin hanya da ke auna kowace jar ƙasa kafin su shimfiɗa. Ba na yi maka alkawarin albashi ranar da ka fito, akwai waɗanda suka yi shekara biyu suna jira. Amma kai kana da abin da su ba su da shi, maƙera tana jiranka a gida.

Akwai kuma fagen da ni nake wa kwaɗayin yaranmu, shi ne ƙasar da muke takawa. Daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa ginin laka, a nan Maradi gidaje sun zube an yi asarar rayuka, a Damagaram tsohon masallaci ya faɗi. Mutane suka ce laka ta ƙare, sai bulon siminti. Amma wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Mayu ya san azabar da ke ciki. Ana iya gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse da inji, a sami tubali mai jure ruwa da ke riƙe sanyin ɗaki. Da irinsa aka gina masallacin Dandaji a jihar Tawa, aikin Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta, wanda aka kammala a 2018. Kowace ƙasa da halinta, ta Tibiri daban, ta Dakoro daban, sai an auna yawan yashi da yumɓun kowace. Wannan aiki ba wanda zai zo daga Faransa ya yi mana shi.

Game da mahaifinka, kada ka yi masa gardama, kuma kada ka je masa da kalmomin aji. Ina jin tsoronsa ɗaya ne, kada ka tafi ka dawo kana ƙyamar toka. Ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ku je tare, ka gaya masa cewa kowane hutu a maƙera za ka yi shi, kuma ka cika. Ka sayi ɗan littafi ka fara rubuta abin da yake yi: wane ƙarfe, wane launi, ruwa ko mai, gatarin wa ya daɗe, na wa ya dawo. In ka kai shekarar rubuta kundin kammalawa, ka ɗauki gatura biyar na hannunsa ka kai ɗakin gwaji a auna taurinsu, ka dawo ka karanta masa sakamakon.

TAMBAYA: Malam, ni bazawara ce ina gina ɗaki biyu da falo a unguwar Zariya da kuɗin gadon marayuna. Magini ya ce akwai rodi mai sauƙin kuɗi, duk mai kauri milimita 12 ne. Kuma na ga suna tuttula ruwa a kwaɓin kankare, sun ce don ya bi lungu. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mai gidan, ya raya marayu. Hankalinki ya gaya miki gaskiya a duka biyun.

Rodi ba sai kin san boko ba, sikeli zai yi miki magana. Sandar 12 ta gaskiya mai tsawon mita 12 tana da nauyin kilo 10 da giram 660. Ta 10 kilo 7 da giram 400. Ki sa ɗanki ya je da ma'aunin tsawo, a auna sanda guda a ɗora a sikeli a gabansa. In an ce 12 ce amma ta tsaya a kilo 9, to 11 ce aka sa wa sunan yayarta. Milimita guda kamar ba komai ba, amma naman ƙarfen ya ragu da kashi 16 cikin ɗari, ƙarfin ɗaukarsa ma haka. Sannan a lanƙwasa guntu a kan ƙarfen lanƙwasa, ki duba bayan gwiwar. In ya tsattsage ko ya karye, kada ya shiga gininki ko kyauta ne. Ƴar tsatsa ja da hannu ke gogewa ba ta da illa, wadda ke ɓarewa ɓawo-ɓawo ita ce abin gudu.

Ruwa kuwa shi ne ɓarawon da ba a gani. Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da ruwa ya zama dutse, kuma abin da yake bukata kaɗan ne. Buhu mai kilo 50 kada ruwansa ya wuce lita 25, wato jarka guda ta lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Duk abin da aka ƙara a kan haka zai tsaya a cikin kankaren, daga baya ya ƙafe ya bar ƙananan ramuka, ta nan damshi zai bi ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya tsaga kankaren daga ciki. Masu aiki suna son kwaɓi mai ruwa ne don ya fi sauƙin shebur, ba mugunta ba ce, gajiya ce. Maganin lungu shi ne a zuba kaɗan-kaɗan ana soka sanda ana bubbuga katako, ko a yi hayar injin girgiza na yini guda. Ki ƙara musu ɗan abin goro a kan wannan wahala, ya fi miki araha.

Ga ginshiƙi da rufin kankare, abin da aka saba shi ne buhu 7, wato kilo 350, a kowane kwaɓin da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Yashi ya zama wankakke, ki damƙa a hannu ki saki, in ya bar miki laka a tafi bai yi ba. A sa ƴan ƙananan tubalan siminti a ƙarƙashin rodi don kankare mai kaurin santimita 3 ya lulluɓe shi, kada ya kwanta a kan katako. Bayan zubi, aikinki ne ke da yara: a rufe da tsofaffin buhunan algarara ko tabarmi, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7, musamman in iskar hunturu na kaɗawa. A nan ne kankare ke son ruwa. Kada a cire sandunan tokare rufi kafin sati 3. Sai ya kwana 28 ake ƙidaya ƙarfinsa cikakke. A ɗakin gwaji mukan zuba kwaɓin a wani gwangwani mai faɗin santimita 16 da tsayin 32, ranar ta 28 mu matse shi a inji. Mai kyau yana ɗaukar kusan tan 50 kafin ya fashe. Na sha ganin wanda aka cika wa ruwa ya ruguje bai kai rabin haka ba, alhali siminti ɗaya aka saya.

In rufin kankare za ki yi, ki biya mai ilimin gini ya lissafa miki yawan rodin ya zo ya duba ɗaurin kafin a zuba. 

TAMBAYA: Baba, ni mai tuwon sayarwa ce a Tibiri. An ce mini tukwanen alminiyum da ake zubawa a kasuwa suna da guba. Da gaske ne? Da su nake girki shekara tara.

AMSA: Ɗiyata, ba kowace ba, kuma laifin ba na alminiyum ɗin kansa ba ne, na abin da aka narka tare da shi ne. Masu zubi gwanaye ne, suna danna tsohuwar tukunya a damshin yashi su fitar da siffarta, su narka tarkace su zuba. Suna son fistan ɗin mota saboda yana ɗauke da sinadarin silikon da ke sa narkakken ya gudana ya cika siffa. Matsalar ita ce wasu tarkacen, kamar tsohon lagireto mai like-like da wasu sassan inji, suna zuwa da dalma. Dalma tana narkewa tun a digiri 327 ta shige cikin zubin, ido ba ya ganinta, wanki da tafasa ba sa fitar da ita. Abu mai tsami ne ke jawo ta cikin abinci: tsamiya, tumatir, yakuwa, zoɓo. Ta fi yi wa ƙananan yara da masu ciki illa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da wani ciwo da za a gani ba.

Tuwo da ruwan zafi haɗarinsu bai kai na abu mai tsami ba. Miyar tsami da kunun tsamiya da zoɓo ki mayar da su tukunyar ƙasa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma kada miya ta kwana a tukunyar zubi, ki juye ta da an sauke. Ki daina kankare cikinta da yashi har ta yi ƙyalli, wannan dusasshen launin da take yi kariya ne. Wadda cikinta ya yi ramuka-ramuka ki ajiye ta ga ɗumama ruwan wanka. In za ki sayi sabuwa, ki je wurin mai zubin da kika sani, ki kai masa tsofaffin tukwanen kamfani ko gwangwanayen lemo ki ce da su kike so, a kaskon da bai taɓa narka dalmar batir ba.

Mai tambaya ya aiko ta ofishin mujalla, ya faɗi garinsu da sana'arsa. In abu ne ya karye, a haɗo da hoton bakin karayar, a ɗauka a hasken rana, kada a goge shi da komai.